Kafar Haske da Girman Sensa: Abin da Ke Gyara Hoto Ko Ya Ɓata Shi

Kowane hoto, na waya ne ko na babbar kyamara, da haske ake yin sa. Hasken yana tasowa daga jikin abin da ake ɗauka, ya ratsa gilashin kyamara, ya sauka a kan wani ɗan allo na silikon da ake kira sensa. Yawan hasken da zai kai can ya rataya a kan abubuwa huɗu: hasken da ke wurin, girman kafar da aka buɗe a cikin gilashi, tsawon lokacin da labulen kyamara ya yi a ɗage, da faɗin ita sensar kanta. Na farko sau da yawa ba a hannun mai hoto yake ba. Na uku kuma motsi ne ke yanke masa iyaka, domin in labule ya daɗe a ɗage, duk abin da ya motsa zai fito dishi-dishi. Saura kafa da sensa. Su ne ake saye da kuɗi, kuma su ne aka fi yi wa gurguwar fahimta, musamman tun da kamfanonin waya suka fara rubuta lambobinsu a jikin kwali.

Matsalar kafa ta girmi kyamara nesa ba kusa ba. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda, ya zana surar abin da ke waje a bangon da ke fuskantar hudar. Huda irin wannan tana da ciwon kai guda: in ƙarama ce, surar takan fito sarai amma da duhu, in aka faɗaɗa ta, haske ya ƙaru, surar ta dagule. Gilashi mai doro ne ya raba wannan gardama, domin yana karɓar haske ta kafa mai faɗi, ya lanƙwasa shi ya tattara a wuri ɗaya. Duk da haka masu hoton farko sun sha jira. Hoton da Nicéphore Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa a Faransa wajen 1826 ya ci aƙalla sa'o'i 8 kafin ya kama. A 1840 wani malamin lissafi a Biyana, Joseph Petzval, ya lissafa wani gilashi mai lamba f/3.6, wanda yake shigar da haske fiye da ninki 15 na gilasan da aka saba amfani da su a lokacin. Daga nan ne ɗaukar hoton fuskar mutum ya zama sana'a, tun da mai zama ya daina daskarewa na tsawon mintuna.

A gilasan yau, kafar wasu siraran fallayen ƙarfe ne, galibi daga 5 zuwa 11, da ke zagaye da juna suna tsukewa suna buɗewa. Idon ɗan Adam ma haka yake aiki: baƙin tsakiyarsa yakan tsuke zuwa kimanin milimita 2 a tsakar rana, ya buɗe zuwa 7 ko 8 a duhu, musamman ga matashi.

Lambar da ake rubutawa da harafin f, kamar f/1.8 ko f/8, ba faɗin kafa ba ce kai tsaye. Rabo ne. Kowane gilashi yana da zangonsa, wato tazarar da ke tsakaninsa da wurin da yake tattara hasken abu mai nisa, kuma da milimita ake auna shi. Gajeren zango, kamar 24, yana kwaso fili mai faɗi. Dogon zango, kamar 400, yana jawo abin da ke nesa ya cika hoto da shi. Idan aka raba zangon da lambar f, sai a sami faɗin kafa kamar yadda ake ganinta in an leƙa gilashin ta gaba. Gilashi mai zango 50 a kan f/2 kafarsa milimita 25 ce. A kan f/4 ta koma 12.5. Shi ya sa ƙaramar lamba ke nufin babbar kafa, abin da ke rikita kusan duk wanda ya fara koyon aikin.

Jerin lambobin ma da ban mamaki ga baƙo: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. Dalilin shi ne haske ba faɗin da'ira yake bi ba, filin da ke cikinta yake bi. In faɗin kafa ya ninka biyu, filinta ya ninka huɗu. Domin a ninka filin sau biyu kacal, sai a ƙara faɗin da kimanin 1.4. Saboda haka kowane tsalle a jerin, wanda masu hoto ke kira mataki ɗaya, yana rage haske da rabi. Daga f/1.4 zuwa f/2.8 matakai biyu ne, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Daga f/2 zuwa f/16 matakai shida ne, ya koma ɗaya cikin 64.

An zaɓi rabo maimakon faɗin kafa ne saboda wata fa'ida babba. Dogon gilashi yana shimfiɗa surar abu ta yi girma a kan sensa, haskenta ya bazu ya yi rauni, don haka yana bukatar kafa mafi faɗi kafin ya biya wannan asara. Rabon yana haɗiye lissafin gaba ɗaya: f/4 a kowane gilashi, dogo ko gajere, yana zuba haske mai ƙarfi ɗaya a kan kowane murabba'in milimita na sensa. Shi ya sa na'urar auna haske ta hannu ba ta tambayar wace kyamara za a yi aiki da ita. Shi ya sa kuma tsohuwar ƙa'idar masu hoto take aiki a ko'ina, cewa a tsakar rana mai ƙwalla, f/16 da kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa da ISO 100 za su ba da hoto daidai. Masu shirya fim sun fi tsanantawa, domin gilashi yakan shanye wani kaso na hasken da ya ratsa shi. Gilasansu na ɗauke da lambar T, wadda aka auna da ainihin hasken da ya fita ta baya.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Lambar f tana faɗin ƙarfin haske a kan kowane murabba'in milimita, amma ba ta faɗin murabba'in milimita nawa ne ke wurin.

Girman da ake auna sauran da shi ya samo asali ne daga Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar na Jamus, wanda ya ɗauki fim ɗin sinima mai faɗin milimita 35 ya yi masa ƙaramar kyamara. Kyamarar ta shiga kasuwa a 1925 da sunan Leica, kowane hoto a jikin fim ɗin kuma milimita 36 ne da 24. Sensar da ta kai wannan girma ita ake ce wa cikakken firam, filinta murabba'in milimita 864. Ƙasa da ita akwai APS-C, wadda take kimanin 23.5 da 15.6 a kyamarorin Nikon da Sony da Fujifilm, ta Canon kuma ta ɗan gaza haka, duka dai ba su kai rabin cikakken firam ba. Sai tsarin Micro Four Thirds da Olympus da Panasonic suka fito da shi a 2008, mai 17.3 da 13, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sai wadda ake kira ta inci ɗaya, mai 13.2 da 8.8, wadda ko daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 16 ce kawai, ba ta kai inci ba. An gaji wannan awo ne daga bututun kyamarorin talabijin na da. Sensar wayoyi da yawa kuma ba ta wuce kimanin 5.6 da 4.2 ba, wato ana iya jera wajen 36 irinta a kan cikakken firam guda. A ɗaya gefen akwai manyan sensoshi masu kimanin 44 da 33 a kyamarorin Hasselblad da Fujifilm GFX.

Idan aka ajiye kofin shayi da baho a tsakar gida ana ruwan sama, zurfin ruwan da zai taru a cikinsu ɗaya ne, muddin bangonsu a miƙe yake. Amma wanda ya juye bahon zai cika tulu, mai kofi kuwa bai samu na kurkure baki ba. Lambar f da lokacin labule su ne ke yanke zurfin. Girman sensa shi ne faɗin bakin mazubin. Ingancin hoto kuma jimlar abin da aka tara yake bi.

Dalilin haka yana cikin ɗabi'ar haske kansa. Haske ba ya kwarara sumul, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma ƙwayoyin ba sa sauka a bisa tsari. Sensa an rarraba ta zuwa miliyoyin ƙananan gurabe da ake kira fiksel, kowane yana ƙirga ƙwayoyin da suka faɗo masa ya mai da su lantarki. Fiksel biyu da ke maƙwabtaka, suna kallon bango mai launi ɗaya, ba za su sami adadi ɗaya ba. Akwai ƙa'idar lissafi a kan wannan saɓani: in matsakaicin abin da ke sauka 100 ne, bambancin yakan kai kimanin 10, wato kashi 10 cikin ɗari. In 10,000 ne, bambancin kimanin 100 ne, wato kashi 1 cikin ɗari kacal. Wannan saɓani shi ne tsaki-tsakin da ake gani a hoton dare, inda baƙar riga kan fito da ɗige-ɗigen ja da kore, fatar fuska ta yi kamar an barbaɗa mata yashi. Ba lalacewar kyamara ba ce, ƙarancin ƙwayoyin haske ne. Domin a rage tsakin da rabi, sai an tara haske ninki huɗu.

Daga nan za a gane matsayin ISO, wanda mutane da yawa ke ɗauka yana ƙara wa sensa jin haske. Ɗaga ISO ba ya ƙara ko ƙwaya ɗaya. Abin da yake yi shi ne kumbura ɗan abin da aka samu domin hoto ya yi haske a ido, kuma tsakin da ke ciki yana kumbura tare da shi. Ana zargin babban ISO da ɓata hoto, alhali shi sheda ne kawai cewa hasken bai isa ba.

Ana iya kwatanta kyamarori biyu ta hanyar da ba ta da ruɗi. A ɗauki Micro Four Thirds da gilashi mai zango 25 a kan f/1.4, a ɗauki cikakken firam da gilashi mai zango 50. Su biyun fili kusan ɗaya suke kwasowa, domin sensa ta farko rabin ta biyu ce daga kusurwa zuwa kusurwa. Kafar ta farko kimanin milimita 18 ce. In ita ma ta biyu an buɗe ta zuwa f/1.4, kafarta kusan 36 ce, faɗi ninki biyu, fili ninki huɗu, haske ninki huɗu. In kuwa aka tsuke ta zuwa f/2.8, kafarta ta dawo 18, kuma a lokacin labule ɗaya kyamarorin biyu za su tara jimlar haske ɗaya. Sai dai babbar ta baza shi a kan fili ninki huɗu, don haka inda ƙaramar ke kan ISO 200, ita za ta bukaci 800. Hotunan biyu za su fito kusan tagwaye, a tsaki da kuma yadda baya ke dishewa.

Wannan misali ya nuna abin da tallace-tallace ba sa faɗa. Sensa ba ta jawo haske. Gilashi ne ke tarowa, ita nata tarewa ne. In aka ɗaura gilashin cikakken firam a kan kyamarar APS-C, da'irar hasken da yake zubowa ta fi sensar girma, fiye da rabinsa yana faɗawa gefe ya tafi a banza. Kamfanin Metabones ya fito a 2013 da wani ƙarin gilashi da ake sakawa a tsakani, wanda yake tsuke wannan da'ira ta dawo daidai ƙaramar sensa, a sami ribar mataki ɗaya. Bai ƙirƙiri haske ba, wanda ke zubewa ya tattaro. Muddin filin da ake ɗauka ɗaya ne kuma lokacin labule ɗaya ne, ainihin faɗin kafa a milimita shi ne alƙali. Amfanin babbar sensa shi ne tana ba da damar aiki da babbar kafa.

Da wannan ma'auni, f/1.8 na waya ya fito a ainihin girmansa. Waya mai sensar 5.6 da 4.2 zangon gilashinta bai fi kimanin milimita 4.3 ba, don haka kafarta wajen 2.4 ce. Cikakken firam da zai kwaso fili iri ɗaya yana bukatar zango 26, kuma a f/1.8 kafarsa ta haura milimita 14. Lamba ɗaya, amma haske ninki 36 ko kusa da haka. Domin babbar kyamarar ta sauko matsayin wayar, sai an tsuke ta zuwa wajen f/11. Masana taurari ba su taɓa ruɗuwa da wannan ba, domin su da faɗin madubi suke kiran na'urarsu. Madubin hangen nesa na Hubble lambarsa f/24 ce, wadda mai hoto zai ce ta cika duhu, amma faɗin madubinsa mita 2.4 ne, ninki 1,000 na kafar waccan waya. Daga tauraro guda, hasken da yake tarawa ya doshi ninki miliyan ɗaya na nata. Madubin hangen nesa na James Webb da aka harba a Disamban 2021 kuma faɗinsa mita 6.5 ne.

Babbar kafa ba kyauta take zuwa ba. Farashi na farko shi ne zurfin saiti, wato iya tazarar gaba da baya da ke fitowa tar a hoto. Duk yadda kafa ta faɗaɗa, haka zurfin ke raguwa. Mai ɗaukar hoton amarya ita kaɗai a ɗakin taro mai ƙarancin fitilu yana murna da f/1.4, domin fuskarta za ta fito, jama'ar da ke bayanta su narke. Da zarar dangi sun jeru sahu uku domin hoton tare, dole ya tsuke zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na sahun baya su fito dishi-dishi. A wannan lokaci yawancin fifikon babbar kyamara ya tafi, sai ya koma ga filasha. Wannan gaskiya ce da masu sayar da kyamara ba su cika ambata ba: inda ake bukatar zurfin saiti ɗaya da lokacin labule ɗaya, babbar sensa da ƙarama haske ɗaya suke samu. Fifikon babbar yana dawowa ne inda haske ya wadata ko aka kafa kyamara a kan ƙafa uku, domin tana iya ɗaukar jimla mai yawa kafin ta cika ta ƙone fararen wurare.

Farashi na biyu nauyi ne da tsada. Gilashi mai zango 600 a f/4, irin na masu hoton ƙwallo da namun daji, kafarsa milimita 150 ce, kuma ko na zamani yana kai kilo 3. Gilashin Zeiss mai zango 50 da lamba f/0.7, wanda ke shigar da haske ninki huɗu na f/1.4, guda 10 kawai aka ƙera. Hukumar NASA ta karɓi 6, Stanley Kubrick ya sayi 3 ya ɗauki wasu sassan fim ɗinsa Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir. Zurfin saitin ya yi ƙaranci har sai da 'yan wasan suka riƙa takatsantsan da motsi.

Tsukewa ma tana da iyaka. Haske yakan ɗan bazu in ya goga gefen kafa, kuma in kafar ta ƙanƙance, bazuwar takan mamaye hoton ya rasa kaifi. A cikakken firam ana fara lura da haka daga wajen f/11 zuwa f/16. Ansel Adams da Edward Weston da abokansu, da suka kafa ƙungiyar f/64 a Kalifoniya a 1932, sun iya aiki da irin wannan lamba ne saboda fim ɗinsu mai girman inci 8 da 10 ne. Waya kuwa tun a f/1.8 ta kusa wannan iyaka, wanda yana cikin dalilan da suka sa yawancin wayoyi ba su da fallayen tsukewa ko kaɗan. Samsung ta gwada kafa mai matsayi biyu, f/1.5 da f/2.4, a Galaxy S9 a 2018, daga baya ta ajiye ta.

Yawan megafiksel bai shiga wannan lissafi yadda ake zato ba. Rarraba sensa ɗaya zuwa gurabe miliyan 108 maimakon miliyan 12 bai ƙara mata faɗi ba. Kowane gurbi ne ya ƙanƙance, rabonsa ya ragu. Shi ya sa wayoyi masu megafiksel 108 suke haɗe fiksel 9 su zama ɗaya, su fitar da hoto mai megafiksel 12, masu 50 kuma su haɗe huɗu-huɗu su ba da 12.5. Yawan fiksel yana amfani da rana, inda ake son ƙananan bayanai. Da dare faɗin fili ne ke magana.

Abin da ya ceci wayoyi shi ne ingancin sensa da kuma lissafin kwamfuta. Ba duk ƙwayar hasken da ta sauka ake ƙirgawa ba. Matatar launi da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu haƙƙin mallakarta a 1976, wadda ke ba rabin gurabe kore, kashi ɗaya cikin huɗu ja, sauran shuɗi, tana tare wani babban kaso na hasken. A tsofaffin sensoshi, wayoyin lantarki ma suna gaban gurbin suna yi masa inuwa, har aka koma shimfiɗa su ta baya, dabarar da ta shiga iPhone 4 a 2010. Saboda haka sabuwar ƙaramar sensa takan iya kamo tsohuwar da ta ɗan fi ta girma. Sai kuma tsarin hoton dare, irin wanda Google ta saka a wayoyin Pixel a 2018: wayar tana ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin 'yan daƙiƙu, ta daidaita su, ta haɗe su wuri ɗaya. Hotuna 16 sun tara haske ninki 16, tsaki ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ta rasa a fili ta rama da lokaci. Dabarar tana aiki ga gini da titi da mutumin da ya tsaya cak, amma dokin da ke sukuwa da magariba ko yaron da ke gudu a tsakar gida ba sa jira, kuma a nan ƙaramar kafa take nuna kanta.

Kamfanonin waya da kansu sun san inda maganar take, shi ya sa suke ta faɗaɗa sensa, har Xiaomi 12S Ultra ta fito a 2022 da mai inci ɗaya. Babbar sensa tana bukatar dogon zango da gilashi mai kauri, kuma wannan ne asalin tudun da ke ƙara tasowa a bayan wayoyi shekara bayan shekara. Ko da wannan ci gaba, filin sensar inci ɗaya murabba'in milimita 116 ne, cikakken firam ya ninka ta fiye da sau bakwai.